Bajon da Na Ɓoye Cikin Zane

Idan na ce wa yaran yanzu na taɓa yin aikin tace yuraniyom a tsakiyar gonakin alkama, tsakanin Kura da Bunkure, sai su yi min irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Ba na ganin laifinsu. Ginin ma an mai da shi ma'ajiyar buhuna, kwanonsa ya yi tsatsa, awaki ke kwana a barandar. Amma a tsakiyar shekarun tamanin yana nan da ransa: ɗakuna uku a jere a bakin babban kanal, janareta a baya, darbejiya biyu a ƙofa. Mu biyar ne masu farar riga, ni kaɗai ce mace, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Dalilin kafa wurin ba wani abin ɓoye ba ne. Tun da aka kawo ruwan Tiga, manomanmu suka koma noma rani da damina, takin zamani kuwa buhu-buhu ake zuba shi. Wani nau'in takin daga dutse ake yinsa, dutsen kuma yana ɗauke da ɓurɓushin yuraniyom da ɗan'uwansa toriyom, ƙarafan nan masu fitar da wani tururi da ido ba ya gani, fata ba ta ji. Aka ce a duba ko yana taruwa a ƙasa, ko a lakar kanal, ko a ruwan rijiya. Jefi-jefi kuma a aiko mana da garin duwatsu daga wuraren da ake haƙa, mu faɗi nawa ne a ciki. Akwai wasu 'yan kwalabe na wani gari rawaya, wanda aka riga aka san ƙarfinsa, da muke gwada kanmu da shi. Su kam a akwatin dalma suke zama, makullin yana aljihun shugabanmu.

Shugaban namu, Dakta muke ce masa. Aminin mahaifina ne, tare suka yi karatun allo, shi ya wuce boko har ƙetare, mahaifina ya tsaya a gona. Idan ya zo gidanmu durƙusawa nake har ƙasa in ce, "Baba, ina wuni," shi kuma ya ce, "'Yata, Allah ya yi albarka." A wurin aiki kuwa ni Malama ce, shi Dakta, kamar ba mu taɓa cin tuwo a gida ɗaya ba. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, yana da wata al'ada ta cire tabarau ya goge da gefen riga duk lokacin da magana ta yi masa nauyi.

Aikin kansa nakan yi kewarsa har yau. Za ka auna garin ƙasa, ka dafa shi cikin asid har ya narke ya koma ruwa. Dakta yakan ce mu ne masu haƙurin da ake faɗa, masu dafa dutse, sai dai mu kul wani ya sha romon. Daga nan sai bututu. Bututun gilashi ne, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, an cika shi da wasu 'yan ƙwayoyin roba launin zuma, ƙanana kamar ƙwan kifi. Ka zuba ruwan dutsen ta sama, ka buɗe famfon ƙasa kaɗan, yana ɗiga ɗis, ɗis. In asid ɗin mai ƙarfi ne, yuraniyom yakan maƙale jikin ƙwayoyin ya ƙi sauka, toriyom kuwa ya wuce abinsa ka tare shi a kwalba. Sai ka sauya, ka zuba asid mai sanyi-sanyi, yuraniyom ya saki ya sauko shi kaɗai cikin wata kwalbar. Kowanne ka busar da shi a kan wani faifan ƙarfe mai faɗin kwabo, ka kai ɗakin ƙidaya, na'ura ta yi ta ƙirga ƙyaftawarsa har a samu lamba.

Ranar da Inna, mahaifiyata, ta matsa sai na gaya mata abin da nake yi, na yi ta kwana-kwana da Turancin makaranta. Da na gama ta ce, "Au, tatar toka ce kuke yi?" Kuma gaskiyarta ce. Ita ma tukunya mai huji take cikawa da toka, ta zuba ruwa ta sama, ta ware ɗigon farko daban, na baya daban. Bambancinmu, ita da harshe take gane nata, ni kuwa in na kuskura na ɗanɗana nawa an kore ni.

Bututu ba ya son gaggawa, ba ya kuma son a bar shi. In ka sake ruwan ya janye ƙwayoyin suka sha iska, aikin kwana uku ya tashi a banza. Mazan nan huɗu kowa ya taɓa busar da bututu, ni ban taɓa ba, kuma ban bar su sun manta da hakan ba. Ina zama a kan doguwar kujera, ido a kan ɗigo, taga a buɗe, ina jiyo ruwan kanal da muryoyin masu ban-ruwa suna kiran juna, da ƙarar motocin tumatir can a titin Zariya. Ban san wata natsuwa da ta kai wannan ba.

A bangon ɗakin akwai allon dokoki da Dakta ya rubuta da hannunsa. Ba ci, ba sha, ba tauna goro. Ba a zuƙar ruwan gwaji da baki. Kowa ya maƙala bajonsa a ƙirji inda ido zai gan shi. Bajon wani ɗan akwatin roba ne mai ɗauke da guntun fim irin na hoto, shi ke tara shaidar tururin da ya taɓa jikin mutum. Bayan 'yan watanni a tattara su a aika can nesa a wanke, sakamako ya dawo in ya ga dama. Doka ta ƙarshe kuwa ta ce duk macen da ta samu juna biyu ta sanar da shugaba nan take, a ɗauke ta daga kan bututu. Lokacin da ya rubuta ta babu mace ko ɗaya a wurin. Kwafo ta ya yi daga inda ya yi karatu, inda nake jin mace kan shiga ofis ta faɗi irin wannan magana tana kallon idon namiji.

Na yi aure a shekarata ta biyu a wurin, da wani malamin makaranta a Kura, mutum mai sanyin hali da ya yarda in ci gaba da aiki. Alkama tana fitar da kai na fara jin sauyi a jikina. Warin asid da na saba da shi kamar ƙanshin girki ya koma yana tayar min da zuciya. Na ƙirga kwanaki, na sake ƙirgawa. Daga ranar, duk safiya in na shiga ɗakin, layin ƙarshe na allon nan ne ke fara tarbata.

To, wa zan gaya wa? Cikin fari ne. Mu a gidanmu mace ba ta furta wannan da bakinta, ko ga uwar da ta haife ta. Ana barin jiki ya faɗa, manya su gane su yi kamar ba su gane ba, har wata na bakwai a zo a tafi da ita gida. Mijina ma ban faɗa masa da baki ba, ya dai ga na daina shan koko ya fara sayo min lemon tsami bai ce komai ba. Yanzu a ce in ƙwanƙwasa ƙofar Dakta, abokin ubana, mutumin da aka yi sunana yana zaure, in tsaya gabansa in ce, "Ranka ya daɗe, ina da ciki"? Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ofishinsa. Na farko na tambaye shi takardar tace. Na biyu na ce agogon bango ya tsaya. Na uku ban ma ƙwanƙwasa ba.

Kuma tunda gaskiya nake son faɗa, ba kunya kaɗai ba ce. Lokacin muna tsakiyar wani babban aiki, lakar kanal daga sama har ƙasan Bunkure, kwalba bayan kwalba. Toriyom ɗin lakar nan ya daɗe yana ba mu wahala, yana fitowa da datti, ni ce na yi ta gwada wankin bututun har ya fara fitowa tsab. Dakta da kansa ya duba faifan ya ce, "Malama, hannunki yana da kyau." Daga bakinsa wannan kirari ne. In na yi magana, gobe za a miƙa bututun ga wani abokin aikina ɗan Madobi, mai garaje, wanda ke zuba asid kamar yana ban-ruwan albasa. In an raba abin gida uku, biyu kunya ce, ɗaya girman kai.

Amma tsoro ya fi su duka. Na san abin da littafi ya ce: abin da ke cikin ciki a watannin farko ya fi komai rauni. Na kuma san cewa abin da muke taɓawa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai kaɗan ga wa? Ga mace mai shekara ashirin da huɗu, ko ga abin da bai kai ɗan yatsa ba? Sai in zauna gaban ɗigo ina ja da baya da kujera, ina riƙe numfashi in zan buɗe kwalba, ina wanke hannu har fata ta fara tsagewa.

Wadda ta fara kama ni ita ce Iya mai wanke mana kwalabe. Dattijuwa ce daga wata unguwar Maguzawa da ke bayan kanal, danginta sun shiga coci, ita kuwa ta ce ta tsufa da sauya hanya. Bakinta ba linzami. Ta same ni a gindin darbejiya ina tofar da yawu, ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar nan, wannan yawun da kike ta bayarwa, darbejiyar ce ta roƙe ki?"

"Zazzaɓi ne, Iya."

"Zazzaɓin da ake yi wa suna ran bakwai ba. Tara na haifa, ba ki isa ba." Ta matso ta rage murya. "Ba ga doka can a allo ba? Ni ban iya karatu ba amma an karanta min. In bakinki ya yi nauyi, nawa ba shi da nauyi. Yanzu sai in shiga in gaya masa."

Na kama hannunta, hannun duk kumfa. "Don girman Allah, Iya, ki rufa min asiri. Zan faɗa da kaina."

"Yaushe? In ya fara rarrafe?"

Ta yi tsaki ta koma kan kwalabenta. Ba ta faɗa ba, amma daga ranar ta daina barina in ɗauraye ko da cokali ɗaya a ɗakin, tana fizgewa tana mita wai ban iya wanki ba.

A nan ne na yi dabarar da nake ganin ta masu ilimi ce. Na ce a raina, bajon da ke ƙirjina ƙirjina yake aunawa, ni kuwa ba ƙirjin ne damuwata ba. Sai na cire shi daga farar rigar, na sa allurar maƙalawa na manne shi cikin zanena, daidai mara, yana taɓa fata. Na ja mayafi na rufe gaban rigar don kada a lura. Ina ganin in aka wanke fim ɗin zan san ainihin abin da ya isa wurin, ba tare da na buɗe baki ga kowa ba. Har wani daɗi na ji, wai na yi wa kunya da doka wayo lokaci guda.

Na yi mako shida a haka. Aka girbe alkama, bazara ta shigo da zafinta, irin wanda kwanon ɗaki ke ƙara da tsakar rana. Fankar ɗakin bututu ba a kunna ta da ƙarfi saboda kada ta watsa ƙura cikin kwalabe. Wata Talata da hantsi zafi ya ishe ni, na zame mayafin na rataye a kujera, na manta da abin da yake rufewa. Dakta ya shigo zagayensa, mazan nan duk suna ɗakin. Ya duba bututun, ya gyaɗa kai, ya juyo zai wuce, sai ya tsaya.

"Malama, ina bajonki?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Yana nan ina? Doka ta ce inda ido zai gan shi. Kin bar shi a gida?"

"A'a."

"A aljihu?"

"A'a."

"To nuna min."

Ban yi niyya ba. Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tafi da kansa ya dafe wurin, kan zane, ƙasan cibiya. Na yi maza na janye, amma ya riga ya gani. Na ga idonsa ya sauka ya tashi, na ga ya kau da kai wajen taga kamar an kira shi daga kanal. Ya cire tabarau ya shiga gogewa, ya goge ya goge, har na zaci gilashin zai huje. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da ya mai da tabarau, bai dube ni ba. Bango ya yi wa magana, da wata murya mai kaushi da ban san shi da ita ba.

"Wanda ba a ga bajonsa ba, ba ya taɓa bututu. Ba na maimaita doka. Daga yau ki koma ɗibar samfuri da rubuta takardun kwalabe. Ki miƙa masa aikin." Ya nuna ɗan Madobi da haɓa. Har ya kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Bajon, in kin same shi, ki sa a ambulan ki ba Iya ta ajiye min a tebur."

Na sauka daga kujerar, bututu yana kan ɗiga. Ban tsaya ganin ƙarshensa ba. Na je bayan ɗaki na yi kuka mai isata, kukan kunya, da na haushi, da wani na daban da sai daga baya na gane na sauƙi ne. An sauke min kayan da na kasa saukewa, kuma ba wanda ya furta kalmar.

Sai dai abin yana da farashi, ni na biya. A idon mazan nan, Malama mai cika baki ta yar da bajonta an kore ta daga bututu. Ai kuwa suka samu abin yi. "Malama, ga bajona, ko in ara miki?" "A duba cikin tukunyar miya, ƙila can ya faɗa." Ɗan Madobi ya busar da bututu sau biyu cikin wata guda, amma in na wuce har wani gyaran murya yake. Amsa takan zo kan harshena, in haɗiye. In na wanke kaina daga sakaci, sai na faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba ya faɗuwa. Dakta ma bai sassauta ba ko kaɗan a gabansu. Na yi fushi da shi na gaske, duk da na san abin da ya yi min. Haka zuciya take, ba ta da kunya ita.

Ɗibar samfurin kuwa, ban zaci zan so ta ba. Da sassafe direba ya ɗauke ni da akwatin kwalabe, mu bi gefen kanal kafin rana ta yi zafi. A nan na san wurin da nake aunawa shekara biyu ban taɓa kallonsa ba. Masu ban-ruwa suna tsoma lanƙwasassun bututansu a kanal, su toshe baki da tafin hannu, su wurga shi ƙetaren gaɓa ruwa ya biyo. Mata suna yanka tumatir suna shanyawa har ƙasa ta yi ja iyakar gani. Wani dattijo kusa da Bunkure kullum sai ya tambaye ni, "Malama, an ga abin a ciki?" In ce ba a gama ba, Baba. Ya ce to in an gani a gaya masa, shi dai shinkafarsa lafiya take. Sai ya cika mana bayan mota da albasa, ko mun ƙi ko mun so.

Damina ta sauka, aka dasa shinkafa, jikina ya fara faɗin abin da bakina ya ƙi. Mazan suka daina tsokana, ɗaya bayan ɗaya, suka koma gaishe ni suna kallon ƙasa. Ni kuwa hankalina yana kan abu ɗaya, ambulan da aka aika. Duk ranar da aka kawo wasiƙu sai na san dalilin da zai kai ni kusa da ofis.

Da sakamakon ya zo, aka manna takardar a allo kamar yadda aka saba. Gaban sunan kowa akwai lamba. Gaban nawa babu, sai gajeren bayani: fim ya lalace da danshi da zafi, ba ya karantuwa. Gumin mako shida ya shiga ya cinye shi. Na tsaya ina karanta layin nan kamar zai sauya. Da na bar bajon a ƙirji inda aka ce, da yanzu ina da lamba, ko ba ta wurin da nake so ba. Ni da nake auna abin da bai kai ƙwayar ƙura ba a cikin lakar kanal, abu ɗaya da na fi son sani a duniya na lalata ma'auninsa da hannuna. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Kwana biyu bayan haka na tarar da wasu takardu uku a kan teburina, rubutun Dakta, da fensir. Babu suna, babu take. Ya leƙo daga ƙofa, yana kallon saman kaina.

"Malama, wani lissafi ne na yi, ido ya fara tsufa. Ki duba min ko na yi kuskure."

"To, ranka ya daɗe."

Na zauna na duba. An fara da cewa: a ɗauka wani mutum ya zauna gaban bututu, nisan kamu kaza, awa kaza a rana. Sai jerin kwanaki. Na gane kwanakin, nawa ne, tun daga makon da alkama ta fitar da kai har Talatar nan. Ya bi littafin aiki ya tsamo kowace kwalba da na taɓa, da ƙarfin abin da ke cikinta, har da ranaku biyu da aka buɗe akwatin dalma. Duk inda ake shakka ya ɗauki mafi muni. Ya lissafa wanda zai iya ratsa gilashi, ya lissafa wanda mutum zai iya shaƙa in taga tana rufe, alhali a buɗe take. A ƙasa ya ja layi biyu ƙarƙashin amsar, ya rubuta a gefe cewa wannan bai kai abin da mutum ke samu daga bangon ɗakin ƙasa da yake kwana a ciki ba.

Aikin nan ba na awa ɗaya ba ne, ba kuma na kwana ɗaya ba. Na bi shi layi-layi sau uku, ina neman kuskure kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Na samu wuri ɗaya da ya zarce wajen tarawa, ya sa amsar ta fi yadda take girma. Na gyara, na kai masa.

"Akwai kuskure ɗaya, ranka ya daɗe. Amsar ta fi haka ƙanƙanta."

Ya karɓa ya duba. "To, madalla. Ashe mutumin nan ba shi da abin damuwa."

"Haka ne, Baba."

Bakina ne ya suɓuce, ban taɓa kiransa haka a wurin aiki ba. Bai gyara min ba. Ya ce in ja masa ƙofa in na fita.

Lissafin ya rage min nauyi, amma ƙarya nake in na ce ya ɗauke shi duka. Takarda takarda ce. Da wata na bakwai ya kama aka zo aka tafi da ni gida, na koma ɗakin Inna, ana dafa min abin da nake so, ba mai ambaton dalili. Inna ba ta taɓa tambayata komai game da aikin ba tun ranar maganar toka, ni ma ban gaya mata labarin bajo ba. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai in ji motsi a cikina, in ce alhamdu lillahi, can kuma wata zuciyar ta ce motsi ai ba shi ne cikar halitta ba.

Na haihu ana girbin shinkafa, da hantsi, namiji. Ungozoma ta yanke cibi, aka wanke shi, aka naɗe cikin zane, mata suka cika ɗaki da guɗa da barka. Ni kuwa aka bar ni da abin da ake jira daga mai haihuwar fari: in juya fuska bango, kada in dube shi, kada in nuna na san da shi. Ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, ana cewa tubarkalla, ga hancin wane, ga goshin wance. Ina jin su, kunnena a miƙe, ina auna kowace murya ko akwai wadda ta ɗan sauka. Ba wadda ta kwance zanen. In an kawo shi shan nono, a gaban gwaggonni ake kawo shi, naɗe har wuya, ni ina kallon gefe.

Sai a rana ta uku da azahar ɗakin ya yi sauƙi. Mata suka fita alwala, gwaggon da ke tsarona ta bi su. Yana kwance a gefen gado yana barci. Na saurara, na jawo shi, na warware zanen. Na kama hannunsa na dama na buɗe 'yan yatsun, ɗaya, biyu, uku. Ban kai biyar ba na ji an ɗaga labule.

Inna ce, da kwanon kunun kanwa a hannu. Na saki hannun yaron kamar na taɓa wuta, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don na san abin da na yi ba a yi. Ta ajiye kwanon a hankali. Ta tsaya tana kallona, ta kalli yaron da ke kwance a buɗe.

"Goma ne," ta ce. "Na ƙafa ma goma. Kunne biyu, ido biyu, ganda a rufe. Tun kafin a wanke shi na ƙirga, na sake ƙirgawa jiya." Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. "Ki ƙarasa naki. Ina nan waje, ba mai shigowa."